Kuɗin Kilomita

Shekara biyu na ɗibar wa kaina da zan tafi Faransa. In tara ɗan jari, in koma Damagaram in buɗe shagon yadi, shi ke nan. Na bar matata Rakiya da cikin wata huɗu, na ce mata kafin abin da za ta haifa ya iya gudu na dawo. Allah Ya taimake ni ban rantse ba.

A wurin Alhaji Mahaman na sauka, a Clichy-sous-Bois, ƙarshen shekarar 1980. Aminin mahaifina ne tun suna awon gyaɗa tare a Magarya, saboda haka Baba nake ce masa. Yana da shago a cikin Paris, wajen Barbès, shadda da atamfa da leshi har rufi, yana kuma tara tsofaffin tayoyi da kayan mota yana turawa gida. Gidansa yana hawa na tara a wani dogon bene da ba ka bambanta shi da na kusa da shi. Satina na farko sau biyu ina ƙwanƙwasa ƙofar wasu bayin Allah a benen da ba namu ba. A falo nake kwana, in naɗe katifa kafin 'ya'yansa su fito shirin lakwal, makarantar boko.

Aikin ba ɓoyayye ba ne: ɗauki dila, sauke dila, share shago, auna yadi, ruga ka kai saƙo. Maganar albashi ba ta taso ba, kuma ba ni zan tayar da ita ba. Mu a wurinmu yaro ba ya ciniki da ubangidansa. Za ka yi masa hidima, ya ciyar da kai, ya tufatar da kai, ranar da ya ga ka isa ya sallame ka da jari ka kama naka. Haka aka yi wa Alhajin kansa, haka aka yi wa mahaifina. Ban ga abin tambaya a ciki ba.

Sanyin shekarar farko ya kusa kai ni lahira. Yatsuna suka tsattsage, alwalar asuba ta zama yaƙi. Amma wallahi sanyin bai dame ni kamar shirun mutanen ba. Ranar da na fara shiga metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, na yi sallama da ƙarfi, tarago cike da mutane, ko mutum ɗaya bai ɗago kai ba. Na tsaya riƙe da ƙarfe ina jin kunya kamar na yi sata. Ana cikin haka wani ɗan kasuwa ya zo daga gida da kaset. Rakiya ta sauka lafiya, mace ce, an sa mata sunan mahaifiyata, ana kiran ta Ummi. A ƙarshen kaset ɗin ƙanwata ta kanga rediyon a bakin jaririyar, aka ɗauko mini kukanta. Na yi ta mayar da wurin baya har zaren ya saki. Tun daga ranar burina ɗaya ne: in ga yarinyar nan da idona, in zauna ɗaki ɗaya da uwarta.

A shekarar 1981 aka yi sabuwar gwamnati, gari ya ɗauka da maganar smik. Smik shi ne mafi ƙarancin abin da doka ta yarda a biya ma'aikaci a kowace awa, kuma sabbin masu mulki suka ƙara shi da kauri lokaci guda. 'Yan Mali masu sharar titi da muke haɗuwa a masallaci bakinsu har kunne. Ni ina jin su kawai, don a ganina wannan zancen leburori ne, ni kuwa yaron gida ne. Abin da ya shafe ni shi ne ƙofar da aka buɗe wa marasa takarda. An ce duk wanda yake da mai gidan da zai rubuta shi a matsayin ma'aikaci za a ba shi katin zama. Alhaji ya rubuta ni, aiki cikakke, ya raka ni biron baƙi, ofishin da ke ba da katin, da ƙafarsa, ya tsaya a layi cikin ruwan sama da shekarunsa. Wannan ba zan taɓa mancewa ba, kuma ban faɗe shi don in wanke shi ba, haka aka yi.

Daga nan duk ƙarshen wata sai ya miƙo mini ambulan, kuɗi a ciki da takardar albashi. Kuɗin in tura aljihu ban ƙirga ba, don ba a ƙirga abin da babba ya miƙo maka a gabansa. Takardar kuma in jefa cikin akwati. Faransancina na kasuwa ne, aji uku na yi a lakwal, kuma takardar cike take da ƙananan layuka kamar sawun tururuwa. Wa ke da lokacinta?

Bayan kamar shekara, wata Juma'a da muka dawo masallaci, Alhaji ya kira ni bayan shago. Kwantabul ɗinsa yana zaune, wani Bature mai ɗan gemu da ke zuwa duk wata ya duba masa takardu. Alhaji ya zaro mabuɗi ya aje a tafin hannuna, ya nuna mini wata farar mota mai dogon baya a bakin titi.

“Taka ce, Lawali,” in ji shi. “Da sunanka aka yi takardunta.”

Ban san lokacin da na durƙusa ba. Tsohuwa ce, ƙofar baya sai an ɗaure ta da igiya, amma mota ce, kuma a duk zuriyarmu ba wanda ya taɓa mallakar ko babur. Na sa babbar riga na jingina da ita aka ɗauke ni hoto, na aika gida. To, kun san halinmu. Mahaifina ya tara ƙannensa da limamin unguwa da dattawan da ke zama a zaurenmu, suka ɗauki ƙwaryar goro suka tafi gidan su Alhaji a Damagaram yin godiya. Mata suka bi bayansu da nasu zuwan, har da guɗa. Gari duka ya ji cewa Alhaji Mahaman ya ba ɗan amininsa mota a ƙasar Nasara. A kaset ɗin da ya biyo baya mahaifina ya ce mutumin nan ya gama mana komai, in riƙe shi hannu bibbiyu, kada ya ji, kada ya gani.

Ina da permi, lasin tuƙi, tun gida, sai aiki ya koma kan hanya. Ni ke kai kaya wa matan da ke sayar da atamfa a gidajensu a Montreuil da Saint-Denis, ni ke zagaya garaji-garaji ina kwaso tayoyi, sannan sau biyu a wata in cika motar da dila in nufi Lyon, inda Alhaji ke da masu saye a unguwar Guillotière. Ya ce in riƙa rubuta duk kilomitar da na yi a ɗan littafi, za a riƙa ba ni kuɗin kilomita. Na ce oh, ga mota kyauta, ga kuma ladan tuƙa ta! Na yi masa addu'a har ya ce ya isa.

Tun da motata ce, ni ke zuba mata isansi, wato mai, ni ke biyan asiransi, wato inshora, ni ke sayen taya, ni ke kai ta garaji. Ita kuwa ba ta san ƙoshi ba. Duk lokacin da rediyo ya ce an ƙara smik, a ƙarshen watan Alhaji zai ce mini ya ƙara mini kuɗin kilomita, ni kuma in ce Allah Ya ƙara arziki. Ambulan yana ɗan ƙara nauyi, makanike yana karɓewa. Wata rana da hantsi motar ta mutu mini tsakiyar hanyar Lyon, ƙanƙara tana zuba, ga kayan mutane a baya. Awa biyu ina ɗaga hannu, motoci suna wucewa suna watsa mini ruwa. Wani direban kamiyo, babbar motar kaya, ƙato mai jan fuska, ya tsaya. Ya ɗaure motata a bayan tasa ya ja ni har garin gaba. Da za mu rabu ya dubi hannuwana, ya cire safar hannunsa ya ba ni, ya zuba mini kofi a murfin gorarsa. Ko sunansa ban tambaya ba, haƙorana ba su bar ni na yi magana ba.

Shekara biyun da na ɗiba suka zama uku, suka zama huɗu. Jari babu. Zuwa gida ganin gida ma ya gagara, don mai mota a Faransa ba ya sauka Damagaram hannu rabbana, kowa yana jiran tsarabarsa daidai da labarin da ya ji. In na ɗan taɓo zancen, Alhaji ya ce in bari bayan Salla. Salla kuwa ba ta ƙarewa, wata na bin wata. Rakiya ba ta taɓa yin ƙorafi a kaset ba, sai dai ta ce Ummi ta fara tafiya, Ummi ta yaye, Ummi ta fara zuwa makarantar allo da yaran maƙwabta. Kowace magana sai ta soke ni. Mahaifin Rakiya ne ya gaji. Ya aiko da saƙo ta bakin kawuna, gajere: ko in zo, ko in ɗauke ta, ko in sauwaƙe mata. Ban ga laifinsa ba, ko ni ne uban haka zan yi.

Na yanke shawarar ɗauko su. Na tambaya, aka ce abu biyu ake dubawa: gidan da zai ishi iyali, da takardun albashi da za su nuna kana samun abin da bai gaza smik na wata cikakke ba. Na ce wannan mai sauƙi ne. Na zazzage akwati na kwaso takardun nan, na zuba a leda, na yi sammako zuwa biro. Layi tun daga bakin titi. Sai bayan azahar na isa gaban wata mata mai tabarau, ta buɗe takarda ɗaya, ta buɗe ta biyu, ta ɗago ta dube ni, ta ce ai ni aikin rabin yini nake yi.

Dariya na yi, wallahi. Ni da nake fita kafin gari ya waye, in dawo bayana ba ya miƙuwa? Na ce ta sake dubawa. Ta juyo da takardar ta sa bakin alƙalami a kan wani layi, ta ce ga awowin da aka rubuta. Ta sauko ƙasa ta ce ga albashin, bai kai ba, ko kusa. Na nuna mata babban adadin da ke can ƙasa na ce ga shi nan, wannan nake karɓa. Ta girgiza kai. Ta ce fiye da rabinsa kuɗin kilomita ne, kuma kuɗin kilomita ba albashi ba ne, mayar mini ake yi da abin da na kashe a kan motata. Ba ta yi mini tsawa ba. Ta mayar da takardun cikin ledar da kanta, ta ce in dawo in na samu na shekara guda masu kyau. Na fito na zauna a kan dakalin bakin biron.

A Lyon ina da wurin da nake yada zango in na kai kaya, ɗakin Malam Haruna a Vaulx-en-Velin. Ɗan Tawa ne, karatun shari'a ya kawo shi, siriri mai yawan gardama, kullum muna tsokanar juna a kan wane ne Hausarsa ta karkace. A zuwana na gaba na kai masa ledar. Ya shimfiɗa takardun a ƙasa wata bayan wata, tun daga ƙofa har gindin taga, ya durƙusa yana bi da yatsa. Ya ce in duba. Watannin farko awowina cikakku ne. Daga watan da aka ba ni mota suka fara raguwa. Duk inda gwamnati ta ƙara smik, a nan awowin ke ƙara faɗuwa, kuɗin kilomita ya hau. Ya yi mini bayani cewa a kan albashi dole mai gida ya ƙara biyan gwamnati wani kaso, na asibiti da na tsufa, amma a kan kuɗin kilomita ba ya biyan ko sisi. Kuma ba a biyan mutum kuɗin kilomita sai in motar tasa ce.

“Wagga mota ba kyauta ba ta, Lawali,” ya ce da Hausarsa ta Adar. “Don wanga aiki anka sa sunanka.”

Maimakon in ji haushin Alhaji, shi na rufe da faɗa. Na ce boko ya lalata shi, bai san girman manya ba, mutumin da ya tsaya mini cikin ruwa yake zagi? Ya ƙyale ni na gama, ya dafa mana shayi. Sannan ya ce akwai kotun ma'aikata, in na kai ƙara da ɗan littafin nan nawa zan ci, za a gyara takardun, a biya ni abin da ya wuce. Na ce in kai aminin ubana kotun Nasara? Bayan dattawan unguwarmu sun taka har zaurensu da goro? Da wane ido mahaifina zai sake fita masallaci? Haruna ya ce to in zaɓa. Na san gaskiya ya faɗa, shi ya sa na tsane shi a ranar.

Kwana uku ina zagaye Alhaji a shago na kasa buɗe baki. Rana ta huɗu da safe, kafin masu saye su fara zuwa, na same shi a bayan kanta yana jan carbi. Na durƙusa na gaishe shi, na tambayi kwanan iyali kamar ba gida ɗaya muka kwana ba, na tambayi gajiya, na tambayi sanyi, har gaisuwar ta ƙare ba abin da ya rage.

“Baba, alfarma nake nema,” na ce. “A rubuta awowina cikakku a takarda. Ko da abin da nake karɓa a hannu zai ragu, na yarda. Iyalina nake so in ɗauko.”

Ya aje carbin. Sannan ya tambaye ni wa ya zuga ni. Na ce ba kowa. Ya ce kasuwa ta lalace, an rufe iyakar Najeriya kayansa sun maƙale, in ya rubuta ni cikakke gwamnati za ta cinye shagon. Ya ce shi wannan tsarin kwantabul ne ya kawo, aka ce masa kowa haka yake yi, kuma ai ban taɓa kwana da yunwa ba. In ƙara haƙuri shekara biyu, zai sallame ni sallamar da za a yi labari. Na ce surukina ba zai jira shekara biyu ba.

“Ni ban ɗauke ka lebura ba,” ya ce. “Ɗa na ɗauke ka. In ta Nasara kake so mu yi, to sai mu yi ta Nasara har ƙarshe. Lebura ba shi da sallama.”

Har yau ban san ko ya san abin da ya yi mini ba. Wani lokaci in ce ya sani sarai, wani lokaci in ce shi ma a ransa kyauta ya yi. Na zaro mabuɗin na aje a gabansa. Ya turo mini da bayan hannu, ya ce shi ba ya karɓar abin da ya bayar. Haka na bar gidansa da akwati ɗaya da motar da ta riga ta cinye ni, hidimar shekara huɗu ta tafi ba jari. Kafin in isa Lyon labari ya isa Damagaram. Kaset ɗin mahaifina ya same ni bayan wata guda. Bai yi dogon zance ba, ya ce bai haifi butulu ba, daga nan bai sake aiko mini da murya ba.

Haruna ya ba ni rabin ɗakinsa, bai ko tuna mini zagin da na yi masa ba. Ya rubuta wa surukina wasiƙa da sunana ana roƙon shekara ɗaya da rabi. Amsar da ta zo ba daga dattijon ba ce, daga Rakiya ce, a ƙarshen wani kaset, da murya ƙasa-ƙasa kamar tana gudun a ji. Ta ce ita ba ta ce wa kowa a sauwaƙe mata ba, amma in sani ta gaji.

Na samu aiki a wani ƙaramin kamfanin wanki, ina tuƙa motarsu ina kai zannuwan gado otal-otal ina kwaso masu datti. Smik tsurarsa, ba ƙari ko ƙwandala. Mai kamfanin wani gajeren dattijo ne mai zafin rai, bai taɓa tambaya ta kwanan gida ba, sunana ma bai taɓa faɗa daidai ba. Duk ranar da aka ƙara smik zai shigo yana zagin gwamnati tun daga bakin ƙofa, ya ce za su kashe shi, ya buga tebur. Ƙarshen wata kuma ka ga ƙarin a takarda. Yanzu na koyi karanta ta, layi-layi, a tsaye a gabansa, ba kunyar kowa. Farkon da na yi haka sai da na ji kamar na zage shi, shi kuwa ko a jikinsa.

Wata rana motar kamfanin ta lalace, ya ce in yi zagayen da tawa. Na yi kwana biyu. A takardar watan sai na ga albashina cikakke ba a taɓa shi ba, can ƙasa kuma wani ɗan layi daban, kuɗin kilomita na kwana biyu, abin da bai wuce na mai da ɗan cefane ba. Na tsaya ina kallon layin nan. Ashe iyakarsa ke nan. Ɗan wannan abin aka hura aka mayar mini da shi albashi shekara da shekaru, ni kuma ina durƙusawa ina godiya. Ba a daɗe ba motata ta mutu mutuwar ƙarshe a kan hawan Rillieux, na sayar wa masu tsohon ƙarfe, ban ko waiwaye ta ba.

Saura gida. Doka ta ce sai ka kama gidan kafin a duba takardarka, saboda haka na kama ɗaki biyu da falo a Rillieux-la-Pape, hawa na shida. Wani ma'aikaci ya zo da abin awo ya auna kowane ɗaki, ya leƙa makewayi, ya rubuta. Daga nan na zauna ni kaɗai a gidan mutum uku ina biyan haya, katifa ɗaya a ƙasa, tukunya ɗaya, shinkafa da kifin gwangwani yau da gobe. In na yi tari sai ɗakunan su amsa mini. Na rame har wandunana suka koma sai da igiya. Da takardun albashi goma sha biyu suka cika na kai, aka ce in jira. Na jira. Aka nemi wata takarda daga gida, ta ɓata a hanya, aka sake aikowa. Wata takwas ana wannan. A lokacin na daina ɗokin komai, in tashi, in tuƙa, in dawo, in duba akwatin wasiƙa, in hau sama. Ranar da amsar ta zo ma ban yi murna ba, zama na yi a kan matakala na karanta sau uku don kada a ce na fahimta ba daidai ba.

Jirginsu ya sauka Lyon da azahar, ranar aiki. Mai kamfani ya ce rabin yini kawai zai ba ni, in gama zagayen safe tukuna. Da na dawo sai ya jefo mini mabuɗin motar kamfanin, ya ce in je da ita, in dawo masa da ita cike da mai. Ban samu sauya kaya ba, da shuɗiyar rigar aiki na tafi, ina warin sabulun wanki.

Na hango Rakiya tun daga nesa, da mayafi shuɗi da takalmi silifa a wannan sanyi, ta riƙe hannun wata yarinya doguwa mai kitso tsaye. Shekararta shida. Na ji kamar in ruga wurinsu. Amma mutane cike da wurin, ga wasu 'yan ƙasarmu da suka sauko jirgi ɗaya suna kallo. Rakiya ta ɗan rusuna, idonta a ƙasa, ta ce sannu da aiki. Na ce sannunku da hanya, ya gajiya, ya mutanen gida. Ta ce suna gaisuwa. Yarinyar kuwa 'yar fari ce, ga sunan mahaifiyata a kanta. Mu ba ma ɗaukar ɗan fari a gaban jama'a, ba ma kiran sunansa, ko dogon kallo ba ma yi masa. Hannuna yana ƙaiƙayin ya taɓa kanta, na hana shi. Na sunkuya na ɗauki akwatunan na yi gaba, suka biyo ni.

Kujera uku ce a gaban motar. Yarinyar ta zauna a tsakiya, kafaɗarta tana gugar hannuna duk lokacin da na canja giya. Muka hau babbar hanya. Tana ta kallon motoci da gadoji, can sai ta juya wajen uwarta ta ja mayafinta.

“Inna, direban nan ya san gidan Baba kuwa?”

Rakiya ta sa gefen mayafi ta rufe bakinta, ta juya fuska wajen taga, kafaɗunta suna motsi. Ni kuwa abin da na ji a ƙirjina ya fi duk sanyin da na sha a ƙasar nan ciwo. Hanya ta dushe mini, na goge ido da hannun riga.

“Na sani,” na ce mata. “Mun kusa.”

Ta dube ni sama da ƙasa, kamar tana auna ko za a yarda da ni.

“To yi sauri,” ta ce. “Mun gaji da jiran shi.”

Na taka mota.